Motar Haya a Kan Sawun Jirgin Ƙasa

Duk wanda ya shiga motar haya a Funtuwa da nufin zuwa Gusau, in dai mai lura ne, ba zai rasa hango wani tudu siriri miƙaƙƙe yana rakiyar kwalta ba, wani lokaci ya matso har a ga baƙin ƙarfe kwance a cikin ciyawa, wani lokaci ya nisanta ya ɓuya a bayan gonakin masara da dawa, sa'an nan ya sake ɓullowa. Wannan tudu shi ne layin dogon da ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa, ya ratsa ƙasar Faskari, ya wuce Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda, tafiyar da ta haura kilomita 200, wanda aka gama shimfiɗawa a shekarar 1929. Galibin samarin da ke cunkushe a cikin motar ba su taɓa shiga jirgi a kan wannan layi ba, amma direbansu, ko ya sani ko bai sani ba, sawun jirgin yake bi, kuma manyan garuruwan da yake tsayawa ya sauke fasinja, tun daga Zariya har ƙarshen zango, jirgin ne ya ɗaukaka darajar akasarinsu. Abin da nake so mai karatu ya tsaya ya duba tare da ni shi ne, motar haya ta gaji tafarkin jirgi, amma ba ta gaji nauyin da jirgi yake ɗauka ba, ba kuwa za ta iya ba. Alhali shi kansa tafarkin tun asali ba don buƙatar mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa aka zana shi ba.

Asalin al'amarin auduga ce. Sa'ad da layin dogo ya isa Kano a 1911, burin Turawan mulki da na masaƙun Lankasha ta Ingila shi ne su sami kaɗa mai yawa daga ƙasar Hausa, har ma sun riga sun kafa ƙungiya musamman domin haka, wadda aka fi sani da haruffanta, BCGA. To, manoman Kano da fatakensu sai suka ga gyaɗa ta fi riba, suka karkata gare ta, dalar gyaɗa ta tashi a inda aka yi tsammanin ganin dilolin auduga. Amma ƙasar da ke tsakanin arewacin Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Zamfara, saboda yalwar damina da nagartar ƙasarta, ta tabbata ita ce matattarar auduga ta haƙiƙa, musamman bayan da aka shigo da irin Amurka mai dogon zare, aka riƙa raba anguryarsa ga manoma ta hannun hakimai da dagatai. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa gonar yawaita irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, har wa yau kuwa akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan waccan ƙungiya. Da kaya suka yi yawa, jakuna da takarkarai da 'yan motocin farko suka kasa, sai hukuma ta ga babu makawa a ja reshe daga Zariya ya shiga cikin gonakin. Aka tara ma'aikata ta hannun sarakuna, kamar yadda aka saba a aikin diga na wancan zamani, suka sare daji da gatari, suka ɗebi ƙasa da kwando a ka, har ƙarfe ya kai inda aka nufa.

Kada a zaci cewa jirgin ya faɗo ne a cikin dajin da babu sawu. Tun kafin zuwansa akwai hanyoyin fatake da ke haɗa Zazzau da Zamfara da Sakkwato, akwai kuma hanyar mota ta jar ƙasa wadda ake morarta da rani, damina ta lalata ta. Abin da layin dogo ya yi shi ne ya zaɓi tafarki guda daga cikin tafarkai masu yawa ya tabbatar da shi, ya kafe shi da ƙarfe. Injiniyoyin reluwe kuwa ƙa'idarsu sananniya ce: jirgi ba ya son hawa mai tsanani, ba ya son kwana mai kaifi, kowace gada kuma kuɗi ce, saboda haka sukan nemi doron ƙasa inda ruwa ke rabuwa, su guji fadama da kwazazzabo gwargwadon iko. Yankin Funtuwa tudu ne, daga nan ma kogin Sakkwato ya samo tushe, don haka ya dace da bukatarsu. Inda duk aka aza tasha, sai ga fuloti inda ake awon auduga da gyaɗa, sai ga kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC, sai ga 'yan baranda da malaman sikeli da 'yan dako, sai ga baƙi daga ƙasar Yarabawa da ta Ibo da Nufawa sun kafa unguwanni, sai ga mai tuwo da mai shayi da mai gidan baƙi. Ta haka Funtuwa da Gusau suka kere tsofaffin garuruwan da suka girme su da ƙarnoni. Da lokacin zuba kwalta ya zo, ina za a kai ta in ba inda jama'a da kasuwa suka riga suka taru ba? Wannan shi ne musabbabin da ya sa babbar hanyar Zariya zuwa Sakkwato take tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin dogo har Gusau, ta Giwa da Funtuwa da Mairuwa da Sheme da 'Yankara da Tsafe.

A nan ne rabon garuruwan nan uku, wato Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ya bambanta, bambancin kuwa yana nan har gobe. Ƙasar Faskari ta sami layi ya ratsa ta, ta sami kwalta ta biyo shi, shi ya sa kasuwanninta na bakin titi, irin su Sheme da 'Yankara, suka zama mahaɗar 'yan kasuwar Katsina da Zamfara da na Kudu. Amma garin Faskari kansa, da ƙauyukan da ke can ciki wajen iyakar daji, sai an ratse daga babban titi kafin a same su. Ƙanƙara, ƙasar Sarkin Pauwa, wadda Allah ya hore wa noma da farar ƙasa irin wadda masana'antun fenti da tangaran ke nema, ba ta taɓa ganin layin dogo ba, sai dai ta kai kayanta ga jirgi ta hanyar Sheme ko ta Malumfashi da Bakori. Sabuwa kuwa, da ke can kusurwar kudu maso yamma tana iyaka da Birnin Gwari, ƙofarta ɗaya ce mai sauƙi, wato ta Ɗandume zuwa Funtuwa. Mutumin Sabuwa da ke son zuwa Ƙanƙara, alhali dukansu 'yan jiha ɗaya ne, 'yan yanki ɗaya, galibi sai ya fara gangarowa Funtuwa, ya sauka, ya nemi wata motar, ya jira ta cika. Ba ƙiyayya ce ta direbobi ba, ba kuma jahilcinsu ba ne. Taswirar da aka zana domin dilar auduga ta isa tashar jirgi, daga nan ta isa bakin teku a Legas, ita ce har yanzu take hukunta inda majinyaci zai bi ya je asibiti da inda ɗalibi zai bi ya je makaranta.

Da farko mota baiwar jirgi ce. Aikinta ta kwaso kaya daga ƙauyuka da kasuwannin auduga ta kawo bakin tasha, ta ɗauki gishiri da kananzir da atamfa da goro da jirgi ya sauke ta kai su ciki. Hukumar reluwe ma tana da nata motocin na wannan hidima, kuma mutumin da ya sauka a Gusau yana nufin Sakkwato, a mota yake ƙarasawa, tun da yake ƙarfen bai taɓa kaiwa birnin Shehu ba. Sannu a hankali baiwar ta yi ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci suka yawaita a hannun 'yan ƙasa, aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, ta yi zamaninta na albarka, har a 1964 ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Amma cikin shekara 10 kacal adadin fasinja ya faɗo ƙasa da rabi, kaya suka koma kusan sulusi. Dalilan suna da yawa, kuma sun taru ne a lokaci guda: yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa ƙwararrun ma'aikata ya lalata kayan aiki, fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 suka rushe dala, kuɗin man fetur ya shigo, aka zuba shi a kan tituna, aka sayar da mai da arha, mota ta zama ta fi jirgi sauri nesa ba kusa ba. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe hukumar 'yan shekaru, al'amura suka ɗan farfaɗo, bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya, har a 1988 hukumar ta durƙushe da bashi. A irin wannan hali, reshe shi ake fara mantawa. Babu wata sanarwa guda da za a nuna a ce ranar nan aka rufe layin Ƙauran Namoda. Jirgin ya riƙa jinkiri, sa'an nan ya riƙa fashi, sa'an nan mutane suka daina tambayar ranar zuwansa. An ba da kwangilar gyara shi a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, amma manomin Daudawa bai koma lissafa jirgi a cikin shirinsa na kaka ba.

Akwai wani layi a maƙwabtanmu wanda shi kam da gangan aka rufe shi, labarinsa kuwa yana da fa'ida a nan. Shi ne ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre ya hau dutsen Jos har Bukuru, wanda aka gama a 1914 domin jigilar kuza, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, saboda haka tilas a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Da aka kai babban layi Jos ta Kafanchan a 1927, sai amfaninsa ya ragu, ya yi ta jan jiki har aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafunansa. Motocin da ke tashi daga Zariya zuwa Jos a yau suna bi ta yawancin garuruwan nan, fasinja kuwa ba ya ganin wata alama da za ta tuna masa. Wancan layi ya tafi ke nan, domin da zarar an ɗauke ƙarfe an saki ƙasa, maido da shi ya zama kusan mustahili. Namu na Faskari bai kai wannan matsayi ba tukuna, wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa maganarsa take da amfani yanzu.

Adalci ya wajabta a faɗi alherin mota, domin ba kaɗan ba ne. Jirgi yana da ranarsa da sa'arsa, wanda ya makara sai wani jiƙon; mota kuwa tun daga asuba har magariba ana lodi, tana tsayawa a bakin gonarka, tana shiga inda ƙarfe ba zai taɓa shiga ba. Ta ciyar da dubban gidaje: direba da yaron mota da ɗan kamasho, bakanike da mai faci da mai sayar da mai a galan, da matan da ke tuya a bakin tasha. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ita ke tsara layi a tasha, wane ne zai yi lodi bayan wane, kuma bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 gwamnati ta sa nata motocin na KTSTA a kan manyan hanyoyi da kuɗi mai rangwame. Mace mai naƙuda a wani ƙauyen Sabuwa ba jirgi ne zai cece ta ba ko da yana aiki, sai a-kori-kura ko ɗan acaɓa. Wanda duk ya yi kukan jirgi har ya raina wannan, bai yi wa gaskiya adalci ba.

Amma fa akwai abin da ƙaramar mota da tirela ba za su iya ba, ko da masu su waliyyai ne. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta shan wahalar da taya ke sha a kan kwalta, shi ya sa kan jirgi guda yake jan abin da sai an tara manyan motoci masu yawa kafin su kwashe, da mai kaɗan, da ma'aikata kaɗan. Yankin nan kuwa kayansa masu nauyi ne marasa tsada: masara da dawa da waken suya daga kasuwar Ɗandume, shanu da tumaki daga Sheme, farar ƙasa daga Ƙanƙara, taki da siminti masu shigowa. Irin waɗannan kaya, kuɗin dako ne yake yanke hukuncin ko manomi zai ci riba ko zai faɗi, kuma duk abin da aka ƙara a kan buhu a hanya, daga aljihun wanda ya noma ake zare shi, ko daga bakin wanda zai ci. Sa'an nan nauyin da aka sauke daga kan ƙarfe, a kan kwalta ya faɗa. Masana aikin hanya sun tabbatar da cewa ɓarnar da babbar mota guda mai cikakken lodi take yi wa titi ta fi ta dubban ƙananan motoci, don haka ramukan da ke karya ƙafar motar haya, da haɗurran da suke jawowa, wani ɓangare ne na bashin mutuwar jirgi da ake biya da dukiya da rayuka. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, talaka ya waiga bai ga wata hanya ta biyu da zai koma wa ba.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. A Ingila, ƙasar da ta kawo mana jirgin, rahoton Dakta Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi fiye da 2,000 da layi kimanin mil 5,000, aka yi wa mutanen karkara alkawarin motocin bas a madadinsu, amma da yawa daga cikin motocin ba su daɗe ba aka janye su don rashin riba. Daga baya, inda aka yi sa'a ƙasar layin ba ta salwanta ba, sai ta yi rana: a yankin Kambirij an shimfiɗa hanyar bas ta musamman a kan tsohon layin dogo, aka buɗe ta a 2011, wasu layukan kuma aka maido musu da jiragensu. Saliyo kuwa ta rufe nata layin ɗungum a 1974.

Wata masifa ta zo ta ƙara tona asirin dogaro da hanya guda. Tun da 'yan bindiga suka addabi garuruwan da ke bakin daji, har aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, tafiya ta zama abin da ake yi da addu'a da kallon rana. Direba yakan tsaya ya tambayi na gaba ko hanya lafiya, in ya ga motoci sun daina fitowa daga gabansa sai ya ja burki. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta umarce su da su zaga ta Funtuwa, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abin lura a nan shi ne, da tsanani ya zo, zirga-zirgar yankin duka sai ta sake tattaruwa a garin da jirgi ya raya. Ba na cewa jirgi maganin ɗan bindiga ne, domin harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya isa hujja a kan haka. Babu sufurin da zai yi albarka sai da aminci. Ina dai cewa al'ummar da take da hanya biyu ta fi wadda take da ɗaya ƙarfin jure wa musiba.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya rijiya tana da huruminta, kogi yana da nasa, hanya ma haka, ba ya halatta wani ya mallake abin da maslahar jama'a ta rataya a kansa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa gyaran hanyoyi da kasuwanni a cikin wajiban shugaba. In aka yi ƙiyasi a kan wannan, zirin ƙasar da layin dogo ya kwanta a kai amana ce ta al'umma, wadda kakanninmu suka biya da guminsu a aikin diga, kuma wanda ya kwance ƙarfenta ya sayar wa 'yan gwangwan, ko ya aza harsashin gini a kanta, ko ya sa hannu a takardar da ta ba da ita, ya ci haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ƙarfe ana iya sayo sabo, gada ana iya sake ginawa, amma tafarki miƙaƙƙe mai tsawon kilomita 200 wanda babu gidan kowa a kansa, in ya tafi, diyyar da za a biya kafin a sami irinsa ta fi ƙarfin baitulmalin jiha.

A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin gina sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aiki ne babba, muna kuwa yi masa fatan alheri. Sai dai ya bi ta arewa ne, ya bar kudancin jihar, inda rumbun abincinta yake, da tsohon ƙarfensa a cikin ciyawa. A ganina bukatar wannan yanki ba ta kai wancan tsada ba, kuma ba jirgin fasinja mai ƙawa ya kamata a fara nema ba. A fara da kaya: jirgi mai ranar da aka sani, ko da sau 2 ne a mako da kaka, ya tsaya a Gusau da Tsafe da Funtuwa ya kwashi hatsi da dabbobi ya kai Zariya, daga nan su bi babban layi. Sa'an nan a gyara hanyoyin da ke ciyar da shi, wato Sabuwa zuwa Ɗandume zuwa Funtuwa, da Ƙanƙara zuwa Sheme, da waɗanda ke fitowa daga cikin ƙasar Faskari, a zauna da shugabannin direbobi tun da wuri a nuna musu cewa gajeren zango mai yawan sawu a kan hanya mai kyau ya fi musu dogon zango mai cin taya. Kafin duk wannan kuwa akwai aikin da ba ya jiran kasafin Abuja: hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin da layin ya ratsa su fita tare da ma'aikatan reluwe, su bi shi daga iyakar Funtuwa zuwa iyakar Tsafe, su auna huruminsa, su kafa duwatsun shaida, su rubuta a littafi wanda ya shiga da inda aka yi ɓarna, a ajiye kwafi a ofishin hakimi da na ƙaramar hukuma.